Ranar da Kawu Ya Sauke Amawali

Asama'u ba ta taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda ta ji ta ƙanenta Kamaruddeen ba, ranar da Kawu Agali ya zo.

Asalinsu Buzaye ne. Kakansu ya gangaro daga Abzin da raƙuman gishiri, ya sami gona kusa da Tsanyawa ya yi zamansa. Innarsu Tahira ma daga can aka auro ta. Yanzu duk duniya ba wanda ya rage mata da za su yi Buzanci sai wanta Kawu Agali, mai tsallako iyaka duk kaka da cuku a jaka.

Bana kuwa Kamaruddeen takarar kansila yake, 'yan adawa sun sa shi gaba da gorin "ɗan Nijar". Kawu ya iso ya tarar da shi a ƙofar gida cikin 'yan jam'iyya.

"Wannan Buzun fa?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Mai gadin shagona ne," Kamaruddeen ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba.

Asama'u na zaure, a kunnenta aka yi. Ji ta yi kamar ta tofa masa yawu. Mutumin da ya yanka masa ragon suna! Ga Kawu yana jin Hausa kamar jakin Kano.

Da baƙi suka watse, Kamaruddeen ya shigo yana washe baki, ya zauna kusa da Kawu. Tsohon ya janye amawalin da ke rufe bakinsa har haɓa, ya ci tuwo a gabansa.

"Yau Kawu ya waye," Kamaruddeen ya ce yana dariya.

Inna ta ajiye ludayi. "Kai dai ba ka san komai ba. A wurinmu namiji ba ya buɗe bakinsa sai a gaban wanda bai ɗauka a bakin komai ba."

Kawu ya wanke hannu ya saɓa jakarsa. Inna ta bi shi har bakin hanya tana roƙo, tana ta zuba masa Buzanci. Ya dafa kanta, ya shiga motar Daura.

Kamaruddeen ya ci kujerarsa, aka yi ta kiɗa. Kaka ta zagayo, Kawu bai zo ba. Wata safiya Asama'u ta leƙa gidan, ta tarar da Inna tsugune a turke, tana yi wa akuya Buzanci.