Rimot a Aljihun Mai Sikeli

Tun ranar da Mai Sikeli ya shigo gida da talabijin ɗin nan, rungume a ƙirji kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti, duk mai ido ya san wata rana abin zai kunyata shi. Ranar ce kawai ba a sani ba. Da an tambaye shi, da ya ce ya yarda a kunyata shi kowace rana ta Allah, ban da wadda abin ya zaɓa.

A kamfanin abincin kaji yake aiki, shekara goma sha tara yana auna motoci da buhuna, har sunan ya biyo shi gida. Ba don kallo ya sayi talabijin ɗin ba. 'Yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Nas tun tana ƙarama saboda ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma, ta samu damar rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Jarrabawar ta kwamfuta ce, daga gida ake yi, kuma sau ɗaya a shekara. Akwai tsohuwar laftof a gidan, tana aiki, amma gilashinta ya fashe, baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Mai shagon da ya kai wa ita ya ce masa kada ya wahalar da kansa da gyara, ga siririn talabijin mai araha, a jona masa waya ɗaya ya zama fuskar kwamfuta, a danna rimot ya koma na kallo. Mai Sikeli, mutumin da ba ya yarda da nauyin buhu sai ya ɗora shi a kan sikeli, ya haɗiye wannan magana ba awo.

Abin da ya kawo gida kuwa, sai a hankali. Sunan da aka manna a gabansa babu mahaluƙin da ya taɓa ji, kuma harafi ɗaya ya faɗi tun satin farko. Ƙafafunsa biyu na roba ba su kai juna tsayi ba, sai da aka cusa wa ɗaya kwali. Idan aka jona laftof, haruffan kan fito kamar an yi rubutu da tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Maɓalli ɗaya tal ne a jikinsa, a baya, na kunnawa da kashewa. Duk sauran aiki sai da rimot, shi ma rimot ɗin kurma ne, ba ya ji sai an matso an nuna shi daidai kusurwar ƙasa. Abin da ya fi muni, duk bayan minti ashirin sai ya fito da rubutu cewa zai kashe kansa in ba a danna wani abu ba. Sau uku Nas tana shiga ta cire wannan tsarin, sau uku yana dawowa.

Kawun yara, ƙanin matarsa, mai sayar da takalma, shi ya fi kowa jin daɗin wannan abu. Ranar farko ya zagaya talabijin ɗin, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce, ya saurara.

"Yaya, a bola ka tsinto shi, ko dai da gaske sayar maka aka yi? Faranti ne fa aka saka wa wuta."

Amma duk yamma sai ga shi ya zo kallon ƙwallo, ya miƙe ƙafa a kujerar mai gida, yana zagin launin, wai 'yan wasan duk sun yi kama da masu ciwon shawara. Mai Sikeli dai a ransa yana cewa mutumin da bai taɓa sayen ko batir a gidan nan ba bai kamata a ji bakinsa ba.

Saboda Kawu, da kuma ƙananan yara da za su wuni a gaban abin su ƙona shi kafin jarrabawa, Mai Sikeli ya ɓullo da dabara: rimot ba ya wuni a gida. Kullum da safe sai ya zura shi cikin aljihun gaban riga, har da ledarsa da bai taɓa cirewa ba, ya tafi da shi wurin aiki. In ya dawo, shi zai mayar da talabijin kan kwamfuta, ya ja kujera kusa da Nas, ya zauna da rimot a hannu, yana jiran rubutun nan ya fito ya danna. Tambayoyin da take gwadawa ba ya gane ko rabinsu, karatunsa bai yi nisa ba. Amma dannawar nan tasa ce, kuma bai taɓa bari abin ya mutu mata ba.

Ana gobe jarrabawa, Nas ta karanto musu dokoki. Ƙarfe goma ake farawa, wanda bai shiga ba zuwa goma da rabi ya rasa. Kyamarar laftof za ta kasance a buɗe. Ba a yarda a ga wani mutum a ɗakin ba, ba a yarda a ji wata murya ba. Mai Sikeli ya gyaɗa kai, ya ce gobe rimot na nan gida a hannunta, har ya ajiye shi a kan tebur don kowa ya shaida. Da yamma Kawu ya zo ya kalli ƙwallonsa, ya tafi ya bar talabijin a kan tasha. Da safe Mai Sikeli ya yi wa 'yarsa addu'a mai tsawo, ya kwashi makulli da waya da duk abin da hannunsa ya saba kwasa daga kan teburin, ya fita.

Goma saura minti ashirin, yana tsaye a gaban sikeli da layin motoci har bakin ƙofa, wayarsa ta yi ƙara. Maman yara ce. Ba ta ko yi sallama ba.

"Baban Nas, taɓa aljihunka."

Ya taɓa. Ledar ta yi ƙara a ƙarƙashin yatsunsa.

Bai gaya wa oga ba, bai gaya wa kowa ba. Ya bar direba da takarda a hannu, baki buɗe, ya fita da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Mai babur ɗin da ya samu irin masu tsoron Allah ne a kan titi, kowace mahaɗa sai ya tsaya ya ba wa duniya hanya. Mai Sikeli na bayansa, hannu ɗaya dafe da aljihu, yana zagin mai shago, yana zagin wanda ya ƙera abin, yana zagin Kawu da ƙwallonsa. Da zagin ya zagayo kansa sai ya yi shiru.

Goma da minti ashirin da huɗu ya isa. Maman yara ta riga ta kai ƙananan yaran wurin maƙwabta, tana tsaye a tsakar gida. Kawu na bakin ƙofar falo, ya zo taimako, wato ya kashe talabijin ya kunna sau ashirin da maɓallin baya, kullum yana dawowa kan masu tallar sabulu.

"Ga Yallaɓai mai rimot nan. A ba shi hanya, ya je ya auno shi ne."

Mai Sikeli ya wuce shi. Falon ƙarami ne. An jingina tebur da bango, talabijin a kai, laftof a buɗe a gabansa, Nas na zaune, ƙofa na bayanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba. Ya durƙusa a gefen teburin, ya nuna rimot a kusurwar ƙasa, ya danna. Shiru. Ledar ta jiƙe da gumi tana zamewa. Ya yage ta da haƙori, ya sake dannawa. Masu sabulu suka ɓace, shafin jarrabawa ya fito. Maman yara ta janye Kawu ta ja ƙofa. Nas ta buga lambarta da sauri, sai ga wata 'yar fitila ta kama a saman laftof.

"Baba, kada ka tashi," ta faɗa ba tare da leɓenta ya motsa sosai ba. "Kyamara ta buɗe. Tana ɗaukar har ƙofa."

Haka mai gida ya zauna a ƙasa, tsakanin ƙafar tebur da bango, gwiwa a ƙirji, na awa ɗaya da rabi. Daga nan ba ya ganin rubutu, sai cikin talabijin daga ƙasa: ramin ƙusa guda biyu babu ƙusa, salatif baƙi riƙe da wata waya, ga zafi yana fitowa yana dukan fuskarsa da warin ƙonanniyar roba. A kan wannan tarkace ya ɗora shekarar 'yarsa guda.

Bayan minti ashirin ya ji an taɓa gwiwarsa da ɗan yatsan ƙafa. Nas ce, wadda ba ta taɓa miƙe ƙafa a inda yake zaune ba. Ya gane, ya ɗaga rimot a hankali, ya danna. Sautin buga haruffa ya ci gaba. Aka sake taɓa shi karo na biyu, ya danna. Ƙafarsa ta hagu ta mutu, tari ya taso masa ya haɗiye har hawaye suka fito. Ya fara jin cewa watakila za a tsira.

Sai wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu, da ƙarfin da ya saita ta don ya riƙa ji cikin hayaniyar injina. Ya kai mata hannun hagu, dama na riƙe da rimot, ya shafa ta inda bai kamata ba. Muryar oga ta cika falon.

"Kai Mai Sikeli, mota tara na tsaye a nan, kana gidan uban wa?"

Ya kashe, ya danne wayar da cinya. Daga ƙasa ya ga wani jan haske ya sauka a fuskar Nas, ya tsaya, ya ɓace. Hannunta ya daina motsi. Ya ƙirga numfashinta har bakwai kafin ta ci gaba da bugawa. Babu halin tambaya. Sau biyu aka ƙara taɓa masa gwiwa, sau biyu ya danna.

Da 'yar fitilar ta mutu, Nas ta rufe laftof, ta sunkuya ta kama shi ta ɗaga, don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Maman yara ta shigo, Kawu na biye, ya buɗe baki, yayarsa ta yi masa wani kallo ya mayar ya rufe. Nas ta ce jan rubutun ya nuna an ji muryar wani a ɗakin, za a duba abin da kyamara ta ɗauka, hukunci zai zo ta saƙo cikin sati biyu. Mai Sikeli ya tambaya ko akwai inda zai je ya yi bayani, ya ce laifinsa ne, ba nata ba. Ta ce babu ofishi, babu lambar waya, sai jira.

"Amma na amsa duka, Baba. Har ta ƙarshe."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye rimot a gabanta, ya ɗingisa ya koma wurin aiki ya sha faɗan da ke jiransa.

Yau kwana tara. Saƙon bai zo ba. Babu wanda ya sani a gidan ko za a duba amsoshin Nas, ko kuwa an riga an soke su.