Ƙarar Babur a Ranar Shiru

Gindin tsohuwar bishiyar nan mai faɗin ganye da ke bakin hanyar teku, a ƙauyen Kelod Sari na wani tsibiri, shi kaɗai ne abin da Rinten take da shi wanda ya isa a yi mata hassada a kansa. Ba ma nata ba ne. Majalisar unguwa ce ta ba mijinta aro, da ya rasu aka bar mata. Amma duk baƙon da ya fito daga masauki zai gangara rairayi, dole ya bi ta gaban baburanta, kuma a cikin Turawan da ke zuwa hutu da wuya a sami wanda zai ga babur bai ji cewa don shi aka ƙera shi ba. A can garinsu ko keken yara ba za a ba su ba, amma da zarar iskar teku ta buge su sai su tuɓe riga su zama gwanaye.

Sharaɗi ɗaya majalisa ta gindaya wa masu ba da haya. Ranar jajiberin Nyepi, wato bikin Ranar Shiru, kowa ya bi baƙinsa ya karɓe makullai. Wanda babur ɗinsa ya motsa a Ranar Shiru, ranar da ba a kunna wuta, ba a aiki, ba a taka titi, ko jirgin sama ba ya sauka, to ya yi sallama da wurinsa. Dattawa suna cewa ana yin shirun ne don miyagun iskoki, in sun ratso, su ɗauka tsibirin kango ne su wuce. Rinten ta daɗe da ganin cewa iskar da za a yaudara da kashe fitila ba ta kai a ji tsoronta ba. Sai dai ba ta taɓa faɗa ba, don tana son ranar. Ita ce kaɗai a shekara da kunnenta ke hutawa.

Da yake ba ta haifi namiji ba, mijin 'yarta Sulasih ne ya tare a gidan, kuma shi ke zama a madadinsu a majalisa, inda mata ba sa zama. Suarjana sunansa. Ya yi makarantar koyon aikin otal, inda ga dukkan alamu abu biyu aka koya masa, murmushi da rusunawa. A wurinsa baƙo ba a ce masa a'a, ba a ɗaga masa murya, ba a nuna masa ya yi kuskure. Wannan ba a makaranta kaɗai ya samo shi ba, haka duk ƙauyen ya tashi. Makaranta dai ta ƙara masa da takardar shaida.

Ana sauran 'yan kwanaki a yi bikin wani Bature mai suna Jarod ya tsaya a gindin bishiyar. Ƙato ne, rana ta gasa shi ya yi jawur, shi ya sa tun kallon farko Rinten ta raɗa masa Jatan Lande. Aka tambaye shi ko ya iya tuƙi, ya yi dariya ya ce tun yana yaro. Rinten ba ta sauraron amsar wannan tambaya, hannu take kallo. Ta ga yadda ya damƙi totur kamar zai matse kwakwa, ta ga yana laluben birki da ƙafa a babur ɗin da birkinsa a hannu yake. Ta yi wa surukin nata alama da ido, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba. Ba ma wannan ba, da Jarod ya ce mai ƙara yake so, sai Suarjana ya turo masa jan nan wanda shi da kansa ya sa aka fasa wa salansa don irin waɗannan baƙin. Duk ƙauyen babu wanda bai san kukan jan babur ɗin Rinten ba, har karnuka.

Ranar jajiberi da la'asar makullai suka dawo, Rinten ta zuba su a kwanon da take ajiye su. Babu na jan babur.

"Ina na Jatan Lande?"

Suarjana ya ce ai ya je. Ya same shi a bakin tafkin wanka na masaukin, ya gaya masa gobe titi zai huta, kowa zai huta. Baturen ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa, ya ce makullin yana ɗaki cikin wani wando, ya kwantar da hankalinsa.

"To ka ce ya tashi ya ɗauko mana."

"Haba Meme," in ji shi, yana kiranta yadda ake kiran uwa a nan, "sai ka ce ina zarginsa? Mutum yana kwance, ga abokansa suna kallo. Amma kar ki damu, na yi abin da ya fi haka."

Abin da ya fi hakan shi ne ya zagaya inda ake ajiye babura da tiyo da jarka, ya zuƙe man da ke tanki ƙarƙaf. Babur ba zai tashi ba, baƙo bai ji kunya ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Yana faɗa yana sheƙi, bakinsa har lokacin yana warin fetur. Rinten ta so ta tafi da ƙafarta, amma titi ya riga ya cika da samari masu ɗauke da manyan dodannin gora da takarda, ga kiɗa, ga turereniya. Kuma ita ma, a gaskiya, ta auna ta ga gidajen mai duk a rufe za su kwana su wuni. Ta ƙyale.

Gari ya waye babu motsi. Daga tsakar gida ana jin teku, wanda a sauran ranakun shekara sai mutum ya je bakinsa. Ana jin ganyen kwakwa yana goga ɗan'uwansa. Rinten tana zaune a rumfa, Sulasih tana tsefe kai, Suarjana yana kwance ya ɗora hannu a ciki irin na wanda ya gama aikinsa.

Da hantsi ya dubi ludayi sai ƙara ta tsaga garin.

Ba sai an tambaya ba. Ta taso daga wajen masauki, ta biyo babban titi, ta wuce gaban haikali, tana tsayawa tana fizga kamar yadda hannun wanda bai iya ba yake yi. A kowane gida da ke ƙauyen akwai mutanen da suke zaune shiru ba su da abin yi sai sauraro, kuma kowannensu ya san babur ɗin waye. Sulasih ta saki matsefi. Suarjana ya tashi zaune yana cewa ba zai yiwu ba, da bakinsa ya zuƙe.

Rinten ta je har ƙofar gida ta tsaya. Ƙafa ɗaya in ta sa a titi, laifi ya zama biyu. Haka ta tsaya ta ji dukiyarta tana yawo da sunanta, ta gangara bakin teku, ta juyo, ta sake komawa. Can sai injin ya yi wani kuka mai tsawo, aka ji ƙarfe ya daki ƙasa, shiru ya dawo. Ta koma rumfa ta zauna har rana ta faɗi. Ranar ba ta faɗa ba ce, kuma abin da za ta faɗa ba zai faɗu a hankali ba.

Washegari labari ya iso tun kafin ta hura wuta. Jarod ya tashi ya ga titi fayau, ya ga ai ba a taɓa ba shi irin wannan dama ta ɗaukar hoto ba. Babur ya ƙi tashi, ya tura shi zuwa kwanar farko, inda Werti take sayar da mai a kwalabe. Kwalaben suna jere a kan katakonsu a waje. Majalisa ta ce masu mai su ma su shigar da kayansu, amma ba wanda yake wahalar da kansa, don wa zai fito a irin wannan rana balle ya ɗauka? Ya juye kwalba biyu ya hau. A rairayi ya faɗi, salansa ta toya masa ƙauri. 'Yan sintirin unguwa suka iso da ƙafa cikin zanensu mai baƙi da fari, suka kewaye shi suna murmushi, suka ba shi ruwa, suka tallafe shi zuwa masauki. Har hoto ya ɗauka da su. Shi iyakar hukuncinsa ke nan.

Werti kuwa matar Mudra ce, shugaban 'yan sintirin. Kuma ɗan ƙanwar Mudra bai daɗe da sayo sababbin babura ba, yana ta neman inda zai jera su.

Da aka buga gangar itace ta kiran majalisa, Rinten ta tare surukinta yana ɗaura rawani. Ta ce kar ya yi musun laifinsa, makulli bai karɓa ba, kowa ya sani. Amma ya faɗi cewa tankin babu ko ɗigo, ya kuma tambaya a gaban jama'a ina baƙon ya sami mai. In laifi na gida biyu ne, ba za a iya korar gida ɗaya a bar ɗaya ba, dole a sassauta wa duka.

"Tambaya ce kawai. Ba zagi na ce ka yi ba. Ka iya?"

"Na ji, Meme."

"Ban ce ka ji ba. Ka iya?"

Ya yi mata irin murmushin da yake yi wa baƙi.

Mata ba sa zama a majalisa, amma su ke kai gahawa, saboda haka Rinten ta ɗauki tire ta tsaya a bayan ginshiƙi. Mudra ne ya fara. Ya yi magana mai tsawo da taushi a kan martabar ƙauye da abin da kakanni suka bari, da yadda zuciyarsa ta yi ciwo da ya ji abin ya fito daga gidan marigayi amininsa. Bai ambaci fetur ba. Maza suna zaune sun tanƙwashe ƙafa suna gyaɗa kai, mutanen da babu ɗaya a cikinsu da bai san kwalaben waye ba, har da waɗanda suka ga fankon kwalaben da idonsu.

Aka ba Suarjana dama. Ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, ya nemi gafarar manya da ƙanana, na gaba da na baya. Ya ce sakacinsa ne shi kaɗai. Ya yi ta jero kalmomin ban-girma har wani tsoho ya lumshe ido don daɗi. Da ya tsagaita, shugaban majalisa ya tambaye shi ko akwai abin da zai ƙara.

Rinten ta ajiye tiren da ƙarfi, kofuna suka yi ƙara. Kawuna suka juyo, ban da na Suarjana. Ya kalli Mudra, Mudra ya kalle shi da fuskar uba. Suarjana ya ce babu.

Aka yanke cewa gidan zai ɗauki nauyin hadayar tsarkake titi, gindin bishiya kuma ya koma hannun majalisa har a ga wanda ya dace. Don tausayin gidan marigayi, an ba su wani fili a bayan kasuwar kifi.

A hanyar gida ya biyo ta yana sauri, kuma abin mamaki fuskarsa a sake take. Ya ce ai an rabu lafiya, ba a ɓata wa kowa ba. Maganar mai kowa ya san ta, ba sai an faɗa ba, kuma wanda ya sani ya yi shiru ai an san ya yi. Mudra da kansa ya riƙe masa hannu a bakin ƙofa, ya ce samari masu tarbiyya irinsa sun yi ƙaranci.

"To madalla," in ji Rinten. "In an tashi cin abinci sai ka zuba wa matarka tarbiyyar a kwano."

"Meme, nan gaba za su tuna mana."

"Za su tuna. Duk lokacin da suke neman wanda za a taka ya ce na gode, kai za su fara tunawa."

Da safe suka kwashe baburan. Kafin su tura na ƙarshe, ɗan ƙanwar Mudra ya riga ya iso da tsintsiya, ya gaishe ta da ladabi har ƙasa, ya tambaye ta ko tana bukatar taimako. Ta dube shi ta wuce.

Filin bayan kasuwa yana tsakanin magudanar ruwan kifi da bangon gidan ƙanƙara. Suarjana ya jera baburan, ya goge su, ya kafa allo, ya tsaya a gefensu ya gyara riga yana fuskantar lungun. Har rana ta take babu wanda ya bi ta wurin sai wata mai tallan kifi, wadda ta ce su matsar da jan nan don ya tare mata hanyar zubar da ruwa. Rinten ta ce da shi ya matsar.