Buhun Leda da 'Yar Baƙa

Ranar da akuyarsu ta kwanta ta kasa tashi, Mama ta aika aka kira mahauci kafin ta mutu a banza. Da ya farke cikin, sai ya yafito ta da hannu. Babu ciyawa a tumbin. Leda ce dunƙule guda, ta murɗe kamar tsohon tsumma.

"Maman yara, wannan ba ciwo ba ne," in ji shi. "Sharar gidanki ce ta kashe ta."

Mama mace ce mai kunya, ko a kasuwa kanta a sunkuye take ciniki. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai. Akuyar ta bar 'ya guda, wadda yara ke kira 'Yar Baƙa, kuma Mama ta ƙudura a ranta cewa wannan ba za ta bi uwarta ba.

Ta yanka tsohon zanenta ta ɗinka jaka biyu. Ta kira 'ya'yanta mata, Yaya mai shekara sha ɗaya da Auta mai shida.

"Daga yau, in an aike ku shago, ga jaka ga kwano. Ledar da iska ta kawo kuma, a tsince a sa a nan."

Ta kafa ƙusa a bangon kicin daidai tsayin Auta, ta rataye buhu.

Auta ta ɗauki aikin da zafi. Da yamma Baba ya dawo daga aiki, ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Baba, me ka riƙo?"

"Lemo na kawo muku, sarkin bincike."

"Lemo ya shiga. Leda ta tsaya."

"Ikon Allah! Da gidana ake kafa min shinge?" Ya juye lemon a jaka yana dariya. Washegari shi da kansa ya nemi a ba shi jakar.

Da buhu ya fara cika, Mama ta nuna musu yadda ake yanka leda siri-siri a kitse ta kamar gashi, ta zama igiya. Yaya ta kitsa tsawon taku ɗaya ta ce yatsunta sun gaji. Mama ta ƙyale ta, ta ɗauka maganar ta bi iska.

Watanni suka shige, 'Yar Baƙa ta girma har ta ɗauki ciki. Wata rana Mama ta tafi duba ƙanwarta a asibiti, ba ta dawo ba sai la'asar. Tana shigowa ta ga buhu a ƙasa, a yage, wayam. 'Yar Baƙa na tsaye a kansa tana tauna.

Ita ta kafa ƙusar ƙasa-ƙasa don hannun Auta ya kai, ta manta akuya na miƙewa da ƙafa biyu. Ta jefar da jaka, ta kama wuyan akuyar ta cusa yatsu a bakinta.

"Yaya! Auta! Wayyo, ta cinye!"

Yaran suka fito da gudu. Yaya ta dubi buhun, ta dubi uwar, sai ta fashe da dariya.

"Mama, ɗaga kanki mana."

Mama ta ɗaga kai. Daga bangon kicin zuwa tagar ɗaki, ga sabuwar igiya baƙa da fari da shuɗi, rigunan Baba uku na lilo a kanta.

"Tun safe muka kitse ta duka," in ji Yaya. "Ko guda ba mu bari ba."

"Ni na riƙe bakin igiyar!" in ji Auta.

Mama ta zaro yatsunta. Ɓawon lemo ne ya biyo su. Ta zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗu, ta jawo su duka biyun ta rungume.

Bayan mako biyu 'Yar Baƙa ta haifi tagwaye. Baba ya cire ƙusa ya mayar da ita sama, ya ajiye wa Auta kujera a ƙarƙashi.

Ran nan mahauci na wucewa ya leƙo. "Maman yara, babu aiki?"

Mama ba ta sunkuyar da kai ba. Da murya har maƙwabta suka ji ta ce, "Babu, malam. Wuƙarka ta huta, sharar gidana ga ta can tana shanya!"