Makulli a Kofin Shayi

…kuma ai bai ambaci sunanta ba. Ina sunan Maureen, matar Clive, a waƙar? Babu. Dermot yana tsaye gaban makirufo a situdiyo, baiti na biyu na tahowa, Clive kuwa yana bayan gilashi yana kaɗa ganga, kai a sunkuye. Kiɗan kawai ya sani. Yau ne zai fara jin kalmomin.

Mun girma, haka Dermot ke gaya wa 'yan jarida. Mun gaji da kiɗan rawar nan na ska, da tsalle-tsalle, da baƙar kwat da 'yar hula. Yanzu goge maimakon ƙaho, yanzu waƙar gaskiya. Gaskiyar wa?

Daren nan, su biyu cikin mota a gefen hanyar Coventry, ruwan sama, soyayyen dankali na hucewa cikin jarida. Clive ya ce, "Matata ta tafi, ɗan'uwa. A kofin shayi ta bar min makulli. Kar ka gaya wa sauran abokan kiɗanmu." Dermot ya dafa kafaɗarsa. Ya dafa, da gaske — amma a ransa tuni yana laluben kalmar da za ta hau da shayi.

Ga baitin. Yana rerawa. Makullin, kofin, har rigar da ta mance a igiya… gangar ba ta tsaya ba. Don me ba ta tsaya ba? Gara Clive ya jefo masa sandar ganga. Gara ya zage shi tas kamar da, suna 'yan makaranta, Clive ne fa ya tare masa samarin nan masu askin ƙwal-kwabo a bakin tashar bas, haƙorinsa na gaba a nan ya tafi, yana tofar da jini yana dariya —

Waƙa ta ƙare. Furodusa yana murza hannu, wai wannan waƙar, rediyo sai ta gaji da sa ta.

Muryar Clive ta shigo lasifikar kunne. "Na yi sauri a tsakiya, sarkin waƙa. A sake."

Shi ke nan? Bai ko ɗago ba. To, in ya ce a cire baitin, a cire mana, mene ne baiti, ai zai…

Sandunan ganga na ƙwanƙwasar juna, za a sake. Dermot ba zai cire ba. Ko Clive ya roƙa, ko ya durƙusa. Bai taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba, ga shi ma yana cika ƙirji da iska don na yanzu ya fi na ɗazu daɗi…