Takardar Aro

"Ku riƙe mishi kai, kar ya bugu!" Ramatu ke faɗi, tana bin amalanken da sassarfa, zanenta na neman kwancewa.

Na sauke kaskon awara na fito. Mijinta ne kwance a ciki, Baba Gado, maƙwabcinmu da darni ɗaya ya raba mu. Mai amalanken ya ce a ƙofar meri ta Urafan, ofishin magajin gari, ya yanke jiki ya faɗi, ranar kasuwa, yana jiran a buɗe. Hularsa ta ɓace a hanya, takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, amma koren dosiyen nan mai takardun ƙungiyar iyayen yara yana matse a hammatarsa. Maza uku suka shigar da shi ɗaki, ba wanda ya iya zare dosiyen.

Da aka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, ni ya fara gani.

"Fatsuma," ya ce, "saura ke."

Ku ji fa. Mutum ƙafa ɗaya a kabari, abin da ya dame shi ke nan. Na ce masa Allah ya sawwaƙe, na koma wajen kaskona.

Shekara goma sha huɗu Baba Gado yana shugabancin ƙungiyar iyaye a lakwal, makarantar bokon garinmu, shi da bai taɓa zama kan benci ba. Minista nake ce masa don tsokana, yana dariya. Amma yana da dokokinsa, kuma ba ya wasa da su. Duk kukan da ƙungiya za ta kai wa hukuma a kan wata doka, sai an fara faɗinsa da Hausa a gindin itacen bedin lakwal, kowa ya ji, kafin daraktan lakwal ɗin, Mushe Ishaƙu, kamar yadda muke kiran malaman boko, ya mayar da shi Faransanci. Ba a shigar da jam'iyya. Kuma ba a sa sunan ɗan kowa a takarda sai uban ko uwar sun dangwala yatsa da kansu. A haka aka samo mana rijiya, a haka aka hana bulalar roba.

Wannan karon maganar takardar haihuwa ce, kuma ta shafe ni.

'Yata ta fari a asibitin Tasawa na haife ta, lokacin Lawali, maigidana, yana aikin gini a can, don haka ta samu takarda mai hatimi. Sanƙarau ya ɗauke ta tana shekara huɗu. Ƙanwarta Raihana kuwa a gida aka haife ta, cikin damina, kowa yana gona, ba wanda ya je meri. Da lokacin lakwal ya yi aka nemi takarda, muka rasa. Baba Gado ne ya leƙo ta saman darni ya ce, "Ina ta marigayiyar? Kawo. Shekara biyu ce tsakaninsu, wa zai lura?" Taimako ya yi, Allah ya sani. Haka ya yi wa wasu gidaje shida. Yara bakwai ke nan a lakwal ɗinmu suna amsa sunayen yayyensu da ke kwance a maƙabartar gabas da gari.

Bana huɗu daga cikinsu suka kai ajin ƙarshe, har da Raihana. Mushe ya ce sunan da aka aika Tasawa na jarrabawa, shi ne zai hau sartifika, ya hau katin ɗan ƙasa, ya bi mutum har tsufa. Ƙarshen wata ake aikawa.

Daga ranar Baba Gado bai sake samun sukuni ba. Ya tara mu gindin bedi. Lawali yana ci-rani a Agadas, ni na zauna a madadinsa.

"Jama'a, gyaran gangar Auzinawa na yi muku," ya ce. "Na ce zan gyara, na ɓata. Mu rubuta a turo muna alƙali nan garin, ya yi ma kowane yaro takardar sunanshi. Mu kuma roƙi manya, in za su duba dokar, su buɗe ƙofa ga irin waɗanga yara ba tare da an kama iyaye ba. Ba mu kaɗai ba ne, har Chake da Kona akwai su."

"In suka ce mun yi takardar ƙarya hwa?" in ji Yusufu mahauci. "Mu kai kanmu kaso da ƙahwarmu?"

"Sunana zai zo na hwarko. A rubuta ni na ba da shawara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Aka yi ta ja, kwana biyu. Daga baya gida shida suka dangwala. Lawali ma ya ce a waya in dangwala. Ni na ce sai na yi tunani, kowa ya ɗauka tsoron kaso ne.

Ba tsoro ba ne. 'Yar fari ce, kun san al'ada, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Shekara huɗun da ta yi a duniya, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ban taɓa kiranta da sunanta ba, ko ranar da take mutuwa a cinyata. Ko yanzu sai na cije zan faɗa muku: Jamila. To, a jikin katangar lakwal nake suyar awara. Kullum da safe ina jin Mushe ya kira, "Jamila Lawali," wata ƙaramar murya ta amsa. Shekara shida ina jin haka, kuma ina so. Ni dai a wajena yarinyar tana nan, tana cin aji, tana girma. In na dangwala, shi ke nan na sake binne ta.

Ciwon Baba Gado bai yi sauƙi ba. An kai shi likita, aka ce zuciya ce, aka dawo da shi. Zafin bazara ya hana shi ɗaki, sai aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin rumfa, daf da darninmu. Ina jin numfashinsa in ina daka. Rana ta huɗu Mushe Ishaƙu ya zo gaishe shi, na ji su sarai.

"Baba, lokaci na tahiya. Mu aika da shidan."

"A'a."

"To in sa sunan ta bakwai, ai ubanta ya yarda."

"Yatsa ya dangwala? Ka san doka, Mushe. Kuma ba mu tahiya mu bar ɗaya." Ya yi tari mai tsawo. "Ba na barci, Ishaƙu. Da na rufe ido sai in gan su zaune kan benci, ƙanana, ba su girma ba. Suna kallona."

Na ɗauke turmina na koma bayan ɗaki. Haushinsa na ji, wallahi. Shi ya kawo shawarar, yanzu kuma shi zai hana ni sakat.

Ranar Alhamis bayan azahar Ramatu ta ɗaga murya, "Fatsuma, zo ki gane mini, Malam na sambatu." Na dama fura na ba Raihana ta riƙo, muka zaga.

Ya rame ƙwarai, idonsa a buɗe yana kallon karan rumfa. Dosiyen na kan ƙirjinsa. Leɓensa na motsi, na matsa kusa.

"Ƙadri Bello," ya ce. Ya yi shiru kamar mai jiran amsa. "Safi Yusufu." Ya sake jira.

"Tun ɗazu yake kiran 'yan lakwal," in ji Ramatu. "Ko so yake a kirawo su?"

Na girgiza mata kai. Na san ba masu zuwa lakwal yake kira ba. Ƙadri ƙyanda ce ta kashe shi, ni na riƙe uwarsa ranar. Safi rijiya ta faɗa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana ba kowa lokacinsa. Ina ƙirgawa a zuci, ina roƙon Allah numfashinsa ya tsaya a na shida.

"Jamila Lawali."

"Présente," aka amsa a bayana, yadda ake amsa kira a aji.

Raihana ce, tsaye da ƙwaryar fura. Ba da gangan ta yi ba, baki ne ya saba. Baba Gado ya juyo da kansa da ƙyar, ya dube ta, na ga tsoro a fuskarsa irin wanda ban taɓa gani a fuskar babba ba. Ya ɗaga hannu kamar zai kare kansa.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata," ya ce mata. "Aro muka yi. Za mu maido miki."

Yarinyar ta dube ni, furar na zuba a ƙafarta. Shekararta goma sha biyu, doguwa, da tabon ƙuna a hannu da ta samu wajen taya ni suya. Wani tsoho yana mutuwa yana kallonta yana ganin gawa, kuma ni uwarta na yi shekara shida ina yin haka kowace safiya. Kunya ta kama ni.

"Baba, Raihana ce," na ce. "Raihana ce. Zan dangwala."

Ban sani ba ko ya ji. Ramatu ta fara laƙƙana masa kalmar shahada. Ana kiran la'asar ya cika.

Kafin magariba aka kai shi. Da maza suka dawo, na aika a ce wa Mushe Ishaƙu ya zo da tawada. Ramatu ta miƙo dosiyen, gefensa duk ya jiƙe da gumin mai shi. Mushe ya tsaya a bakin ƙofa, ya karanta mini da Hausa daga farko har ƙarshe kamar yadda aka saba, mata masu zaman makoki suna ji. Ya zo layin ƙarshe, inda aka ce mai takardar ta rasu, wadda ke aji ƙanwarta ce, ba ta da takarda.

"Haka ne?" ya tambaye ni.

"Haka ne."

Na danna babban yatsana a tawada, na danna a takarda. Washegari ya hau babur ya kai Tasawa. Me manya za su ce, ba mu sani ba tukuna.

A daren rasuwar ba a dafa komai a gidanmu ba, daga maƙwabta aka aiko. Da aka kira isha na zauna bakin murhu zan yi alwala, Raihana ta ɗauko buta tana zuba mini. Ta kama yatsan ta goga da toka, ta sake gogawa.

"Inna, ba ya hita."

"Bar shi," na ce.

Ta ci gaba da zuba ruwan a hankali, tana riƙe da hannuna.