Duk Sabon Zuwa Ni Ake Ba Shi

Ɗalibar farko da ofishin jin daɗin jama'a ya turo mini, wallahi kujerar keken ɗinkina na ba ta, ni na zauna a bakin gado. Ta ce daga jami'a aka kawo su koyon aiki, ita za ta duba ko gidana ya dace a maido mini da jikata. Na ce duba, 'yar nan, har ƙarƙashin gado.

Takwara nake ce wa jikar, don sunana aka sa mata. Uwarta, 'yata tilo, ta rasu ta bar mini ita tana rarrafe, uban kuwa tuni ya yi ɓatan dabo. Ana nan mota ta buge ni, na karye a cinya, na daɗe a asibiti. Maƙwabta suka rasa yadda za su yi, aka kai yarinya gidan renon yara. Da na warke na je ɗauko abata, aka ce sai an bincika gidana tukuna. Ko ganinta ma sai da rakiyar ma'aikaci.

"Mama, ki ba ni labarin tun daga farko," in ji ɗalibar.

Na ba ta, tun daga ciwon 'yata har ranar da na rufe mata ido da hannuna. Na yi kuka, ita ta fi ni, ƙarshe ni na koma lallashinta. Ta yi ta zuwa har muka saba. Rannan sai ga ta da murmushi, wai lokacinsu ya cika, za su koma jarrabawa, wanda zai biyo bayanta zai ƙarasa.

Wanda ya biyo baya wani dogo ne, kullum sai ya buga kai a ƙofata. Na ce ai 'yar'uwarka ta ji komai. Ya ce an koya musu kowa ya ji da kunnensa. To, muka koma farko. Shi allurai ya gani, ya ce haɗari ne ga yaro, na sa kafinta ya yi mini akwati mai makulli. Mai gilashin da ta gaje shi ko kallon akwatin ba ta yi ba, ita taga ce ta tsone mata ido, sai an sa raga. Na sa. Kowa da aibin da zai gano, don kada malaminsa ya ce bai ga komai ba. Kuma duk bakinsu ɗaya: "Mama, ya kike ji a ranki?" Ya nake ji kuwa? Daɗi nake ji, ɗan nan, ba ka ga ina rawa ba?

Na ɗingisa har ofis, na wuni a benci kafin shugabar ta gan ni. Ta ce, "Mama, ƙara haƙuri, ma'aikata sun yi mana kaɗan, ɗaliban nan su ne hannunmu." Ta rako ni har bakin ƙofa, mace mai ladabi, kamar gaske.

Ta bana wata siririya ce marar surutu. Tana buɗe baki ta ce tun daga farko, na katse ta.

Na ce, "Ke, 'yar nan, ba zan sake tono 'yata daga kabari don ki ci jarrabawa ba. Na gaji!"

Ta sunkuyar da kai, ta ce:

"Mama, ranar da muka zo, shugaba ta ce ke kika fi kowa iya ba da labari, ba kya faɗa, ba kya korar mutum. Shi ya sa duk sabon zuwa ke ake ba shi. Kuma binciken ɗalibi ba ya zama hujja sai ma'aikaci ya zo ya gani da idonsa."

Ashe ni allo ce, a kaina ake koyon rubutu, a wanke, wani ya zo ya ɗauka. Babu ma'aikacin da ya taɓa taka ƙofata.

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta matsa wa shugabar har aka yarda ta raka ni gidan renon, a makonta na ƙarshe. Na ɗinka wa Takwara riga da ƙiyasi. Aka zaunar da mu a wani ɗaki mai ƙananan kujeru. Mai renon ta shigo da wata yarinya doguwa, haƙoran gabanta sun fita. Rigar da ke hannuna ko kanta ba zai shiga ba.

Yarinyar ta gaida ɗalibar da fara'a, ta santa, don su ma can ɗaliban ake tura musu. Sannan ta juyo ta ƙare mini kallo, ta zauna ta haɗa gwiwoyi kamar wadda ta saba a yi mata tambayoyi.

Na ce, "Takwara, ni ce kakarki."

Ta dubi ɗalibar, ta dube ni.

"To. Ke kuma yaushe lokacinki zai cika?"