Jitar Gwadabe da Ƙafar Tela

"Wannan jar ka mayar musu da abarsu, ta 'yan gayu ce," in ji Gwadabe. "Miƙo min waccan tsohuwar mai tabo."

Jita uku ne a kwance kan tabarma a zaurensa, duka na lantarki. Muhyiddeen ne ya ɗauko su daga Kano da safen nan, shi ne mai situdiyon da ke bayan tashar Gaya, inda mawaƙan biki suke zuwa a ɗora musu kiɗa. Mai shagon da ke sayar da su ya yarda ya zo da su a zaɓi ɗaya, a mayar da saura.

Maiwada tela yana zaune a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya baro wando rabi a kan keke don kada abin kallo ya wuce shi. Shekara talatin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsa da Gwadabe. Shi Bafillace ne ɗan Gafasa, Gwadabe kuwa kakanninsa daga Barno suka zo, saboda haka tun ranar da suka zama maƙwabta ba su taɓa gaisawa ba tare da wani ya kira wani bawansa ba.

"Babarbare dai Babarbare ne," in ji Maiwada. "An kawo masa sabuwa fil, ya ce sai gwanjo."

"Fillo, kai da ba ka san komai ba sai sarewar kara, rufe mana baki."

Gwadabe ya riga ya gwada baƙar, ya ce ta danne masa ƙirji kamar buhun siminti. Jar kuma tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya, sai an matsa da ƙarfi, shi kuwa yatsunsa ba su da wannan ƙarfin yanzu. Da tsohuwar ta zo hannunsa, Muhyiddeen ya jawo waya zai jona ta da amfilifaya, akwatin ƙara sauti, amma ya ɗaga masa hannu. Ya kwantar da kunnensa a jikin katakon, ya taɓa tsirkiya ɗaya, yana saurare har ƙarar ta mutu.

"Wadda ba ta yi magana ba in babu wuta, ko an sa mata wutar ƙarya za ta yi," ya ce. "Wannan tana magana. To, jona."

Aka jona. Yatsun suka yi tuntuɓe sau biyu, a na uku suka kama hanya. Maiwada ya gyara zama. Ya sha jin labarin cewa maƙwabcinsa ya yi kiɗan jita a Kano da Damagaram tun yana saurayi, amma ya ɗauka irin cika bakin tsofaffi ne. Bai taɓa ganinsa riƙe da komai ba sai fartanya da carbi.

Muryar Amarya, matar Gwadabe, ta fito daga bayan ƙofar cikin gida. Shekara arba'in da aure, jikoki tara, amma sunan ya bi ta.

"Malam, hutawa likita ya ce ka yi, bai ce ka tara mana unguwa ba."

"Ai hutun ke nan, Amarya. Ko so kike in kwanta ina ƙirga azara?"

Ciwon zuciya ne yake damunsa. Tun farkon damina ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya yi gajere. Da aka kai shi asibiti a Kano, likita ya ja babban ɗansa gefe ya yi masa magana, Gwadabe kuwa ya karanta komai a fuskar yaron. Suka dawo gida. Washegari ya sa aka kai ragunansa biyu kasuwa, ya aika a kira masa Muhyiddeen.

Bayan jita sai aka zo kan feda. Muhyiddeen ya zazzage jaka, ƙananan akwatunan ƙarfe huɗu suka zubo, kowanne da maɓallin da ake takawa da ƙafa. Ya ce kowanne akwai yadda yake juya muryar jita. Ya taka na farko, sai ga wani gurnani ya cika zauren, kajin da ke tsakar gida suka watse.

"Injin markaɗe ya haɗiyi dutse," in ji Gwadabe. "Cire."

Na biyu ya sa jitar tana wani irin kuka, waa, waa.

"Wannan ka sayar wa Fillo. Zai ɗauka maraƙinsa ne ya ɓata."

Na uku yana mayar da sauti kamar mutum ya yi magana a bakin rijiya. Gwadabe ya ɗan so shi, amma ya ce yana sa kiɗa ya yi kaɗaici. Sai aka zo kan na huɗu, wani ɗan kore. Muhyiddeen ya ce shi wannan in ka taka ka kaɗa, ka sake takawa, zai riƙe abin da ka kaɗa ya yi ta maimaitawa, kai kuma ka ɗora wani kiɗan a kai.

Gwadabe ya daɗe yana kallon ɗan akwatin.

"Mu biyar ne muke kiɗa tare a da," ya ce. "Ni kaɗai na rage. Wannan shi zai zama sauran huɗun."

Sai dai da ya zo gwadawa abin ya ƙi. Ƙafar ta yi nauyi, kafin ya ɗaga ta kiɗan ya wuce gaɓa. Ya gwada sau biyar, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya jingina da bango yana haki, a karon farko ranar nan dariya ta bar fuskarsa.

Maiwada ya cire takalminsa.

"Matsa min, bawa. Shekara arba'in ina taka keken ɗinki, ban taɓa zarce layi ba. Kai dai ka gyaɗa kai in lokaci ya yi."

Gwadabe ya kaɗa, ya gyaɗa kai, Maiwada ya taka. Ya sake gyaɗawa, ya sake takawa. Kiɗan ya dawo cif, ba gaba ba baya, yana zagayawa shi kaɗai. Muhyiddeen ya tafa hannu.

"Wallahi Baba Maiwada, ko a situdiyo ba kowa ke samun wannan a karon farko ba."

"Allah mai iko," in ji Gwadabe. "Ashe Fillo yana da amfani."

A gida Gwadabe ya ce za a ɗauki kiɗan, don ba zai iya hawa babur zuwa situdiyo ba. Muhyiddeen ya bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya yana tafa hannu yana saurare. Zaure ya cika amsa-kuwwa, ɗakin Malam kwanon rufinsa yana karkarwa. Ɗakin hatsi ne ya ci, inda buhunan gero da dawa na bara suke jere har rabin bango, suna shanye duk wata ƙara. Ya kawo makirfo ɗaya, da wani ɗan akwati da ke kai sautin cikin kwamfuta, da batirin sola, don ya ce janareta zai shiga cikin waƙar ya zauna. Gwadabe ya tambaya ko ba a buƙatar babban teburin nan mai maɓallai ɗari da yake gani a hoto.

"Baba, kai ɗaya ne da jita ɗaya. Wannan ya ishe ka."

Da hantsi suke aiki, bayan yara sun tafi makaranta, kafin mai markaɗen layin ya tayar da injinsa. Zakaran gidan sai an kife shi da kwando. Gwadabe yana zama a kan buhu, an tokare masa baya da matashi, Maiwada a kan kujera 'yar tsuguno, ƙafarsa a kan ɗan koren akwatin. In numfashi ya yanke sai a tsaya, a sha ruwa, a yi wa Fulani ba'a, a koma.

A safiya ta uku Gwadabe ya ce yau da murya za a yi. Sai a nan Maiwada ya ji asalin zancen. Waƙar ta Amarya ce. Gwadabe ya yi mata ita lokacin da yake zuwa zance Kademi a kan keke. Mahaifinta ya ce yaron yana da hankali, amma shi ba zai ba makaɗi 'yarsa ba. Gwadabe bai yi musu ba, ya sayar da jitarsa, ya dawo gonar ubansa, aka ɗaura aure. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kuma Maiwada ya san bai yi ba.

Gwadabe ya fara, muryar ta dushe amma tana kan hanya: "Yarinyar Kademi mai tulu, tsaya in sha, rana ta yi..."

"Ba haka ba ne."

Amarya ce a bakin ƙofa, ludayi a hannunta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska saboda baƙi.

"Ba tulu ba ne, Malam. Ƙwarya ce. Yaushe na taɓa ɗaukar tulu a gabanka? Kuma ka tsallake wurin da ka ce kekenka ya yi faci."

"To, ke da kika sani, zo ki faɗa."

"Ni? A gaban mutane? Allah ya kiyaye."

Ta juya kamar za ta tafi, amma ba ta tafi ba. Da ya sake farawa, ya kai inda ya manta, sai ga muryarta can ƙasa-ƙasa daga bayan ƙyaure tana cika masa baitin. Muhyiddeen ya miƙa hannu a hankali ya karkata makirfo wajen ƙofa. Maiwada ya dubi ƙafarsa kawai, don ya ji idonsa yana neman ba shi kunya. Sun kai ƙarshe ba tsayawa ko ɗaya, zakara ma ya yi musu kara.

Da aka kunna musu suka ji, Amarya ta ce a goge muryarta maza. Gwadabe ya ce duk wanda ya goge bai yafe ba. Ta ce tsufa dai bai hana shi rigima ba, ta koma kan tukunyarta tana dariya.

Daga ranar bai sake ɗaukar jitar ba. Ya ce abin da yake nema ya samu. Kwana goma sha ɗaya ya yi bayan haka, yawanci a kwance, jitar a jingine inda zai riƙa ganinta.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya aika a kira Maiwada. Ya same shi an ɗaga shi da matasai uku, fuskar ta faɗa amma idon yana nan da tsokanarsa.

"Fillo, gyaɗata ta Kademi ta isa cira. Ka ga yaran nan 'yan birni ne, kada su bar min ita ta tsiro a ƙasa."

"Za a cire. Kai za ka tsaya a kanmu ma."

"Bar wannan zancen, ni da kai mun girme shi." Ya numfasa. "Shekara talatin da biyu ina zaginka. Ka yafe min."

Maiwada ya kama hannunsa, ya ji shi da sanyi.

"Na yafe duniya da lahira. Ni ma ka yafe min."

"Na yafe. Amma ka sani, ko a can kai ne bawan."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Gwadabe, Amarya ta shigo ta ce Maiwada ya tashi ya tafi tunda ba za su yi hankali ba.

Da safiyar Juma'a, Maiwada yana buɗe shago ya ji salatin mata ta kan katanga. Ya tsaya da kwaɗon ƙofa a hannunsa, ya yi innalillahi. Da babban ɗan marigayin ya fito da farin yadi a naɗe, bai bari ya yi magana ba, ya karɓa. Bai nemi tef ɗin awo ba, don duk rigunan Sallar Gwadabe shi ya ɗinka. Aka yi masa sutura, aka sallace shi, kafin a tafi masallacin Juma'a an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai Maiwada ya yi gayya. Mutum goma sha huɗu suka fita Kademi da sassafe, wasu a babur, wasu a adaidaita, har da Muhyiddeen da bai taɓa cirar gyaɗa ba, ya zo da takalmi sau-ciki. Ƙasa tana da laushi, gyaɗar ta yi 'ya'ya sosai. Da rana ta ɗan ɗaga, wani ya ce aiki ba kiɗa ai sai gajiya. Muhyiddeen ya dubi Maiwada, Maiwada ya ce ya sa.

Muhyiddeen ya kunna waƙar Gwadabe a wayarsa, ya jefa wayar cikin hularsa, ya rataye hular a reshen wani kalgo da ke tsakiyar gonar. Mutanen suka koma kan kunyoyinsu a jere, suna tuge gyaɗa suna kakkaɓe ƙasa suna kifewa. Balbelu uku suka sauka a bayansu, suna bin inda aka tuge a hankali.